Wane Yare Zan Koya? Tambayar Masu Son Gina Manhaja a Kalgo da Gwandu

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, aka kuma ba ta mazauninta na dindindin a Kalgo, matasan da ke karatun kwamfuta a wannan yanki sun yawaita. Ga na Kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga na jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero, ga kuma waɗanda ba su taɓa shiga ajin lakca ba, da wayar hannu da YouTube suka soma. A ƙarshen 2023 ma'aikatar sadarwa ta tarayya, ƙarƙashin Bosun Tijani, ta ƙaddamar da shirin 3MTT da niyyar horar da mutum miliyan 3, rukunin farko ya ɗauki 30,000. Ka zauna a majalisar waɗannan matasa, ba za a daɗe ba wani zai jefo tambayar: "Don Allah, wane yare ya kamata in koya? Python ko JavaScript?" Daga nan sai musu ya kaure, kowa yana kare wanda ya fara da shi.

Ba tambayar banza ba ce. Wanda ke sayen data da kuɗin da aka ba shi na abinci, yana jiran a kawo wuta kafin ya kunna tsohuwar kwamfutar da ya saya ta hannu, yana da haƙƙin sanin inda zai zuba watanninsa. Amsar kuwa gajera ce. Mai son gina shafukan intanet ba shi da mafita sai JavaScript, kuma kada ya raina PHP, domin WordPress da aka gina da shi yana ɗauke da sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya. Mai son aikin alƙaluma da nazarin bayanai ya kama Python da SQL. Mai son manhajar waya ya duba Kotlin, ko Dart da Flutter, amma ya fara duba kwamfutarsa, don Android Studio ba ya jituwa da na'ura mai ƙwaƙwalwar 4GB. Bankuna da manyan kamfanoni sun fi karkata ga Java da C#. Amsar ke nan duka. Wanda har yanzu bai san inda ya nufa ba, ya ɗauki Python ko JavaScript, duk wanda wani na kusa da shi ya iya kuma zai iya duba masa aiki.

Matsalar tana farawa ne bayan an ba da amsar. Yaro zai yi wata biyu a kan Python, ya ji an ce kasuwa ta koma wajen React, ya sake, ya ji wani a Facebook yana yabon Go, ya sake. Bayan shekara biyu takardar neman aikinsa tana ɗauke da sunan yare shida da takardun shaida takwas. Amma kowane kwas na masu farawa abu guda yake koyarwa: yadda ake ajiye ƙima, yadda ake sa sharaɗi, yadda ake maimaita aiki, yadda ake tattara umarni a ba shi suna. Wanda ya yi kwas shida, darasi ɗaya ya karanta sau shida da rubutu daban-daban. Taura biyu ba ta taunuwa, balle shida.

Tarihin sana'ar ma bai goyi bayan mai bin yayi ba. Akwai lokacin da Flash ya mamaye intanet, mutane suka gina sana'arsu a kansa; Adobe ta rufe shi a ƙarshen 2020. Masu rubuta manhajar iPhone sun shekara suna amfani da Objective-C, sai Apple ta fito da Swift a 2014. Masu Android suna kan Java, Google ta karɓi Kotlin a 2017, ta fifita shi a 2019. Python 2 an daina kula da shi ranar 1 ga Janairu 2020, aka tilasta wa kamfanoni gyara tsofaffin ayyukansu. A ɗaya gefen, COBOL da aka ƙirƙiro a 1959, wanda aka sha yi wa jana'iza, shi gwamnan jihar New Jersey ta Amurka ya fito yana neman masu iya shi a Afrilun 2020, lokacin da na'urorin biyan tallafin marasa aiki suka kasa ɗaukar cunkoson korona. Babu wanda ya iya hango wanne zai mutu, wanne zai daɗe. Amma tsarin jera bayanai a tebur-tebur masu alaƙa da juna, wanda Edgar Codd na kamfanin IBM ya bayyana a 1970, har yau shi ne ƙashin bayan mafi yawan rumbunan bayanai na bankuna da asibitoci da makarantu.

Abin da ke daɗewa shi ne tushe, ba yare ba. To mene ne tushen? Jera sunayen darussa ba zai nuna shi ba. Gara a kawo aiki irin wanda ake samu a Kebbi, jihar da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa bashi na Babban Bankin Nijeriya a Nuwamban 2015.

A ɗauka wani dillali ne a Kalgo. Yana ba manoman fadama taki da iri da man injin ban-ruwa bashi, in an yi girbi su biya shi da buhunan shanshera. Littafinsa ya cika, yaransa uku ne ke zagaya ƙauyuka, lissafi ya fara ruɗewa. Ya kira ɗan ƙanensa da ke karatun kwamfuta, ya ce, "Kai da ka iya abin nan, yi mini na waya." Yaron ya iya yarensa sarai. Cikin mako biyu ya fito da manhaja mai kyan gani, da kore da fari, da hoton zangarniya a sama.

Abin da zai fara cin karo da shi sunaye ne. Manomi ɗaya, yaron dillali na farko ya rubuta shi Muhammadu, na biyu ya rubuta Mohammed, na uku ya rubuta Mamman, yadda kowa ke kiransa a gari. Manhajar ta ɗauke shi mutum uku, bashinsa ya rabu uku. A ƙauye na gaba kuwa akwai Abubakar Umar har huɗu, manhajar ta haɗe su mutum ɗaya. Sai kuma baƙaƙen nan namu masu lanƙwasa: wani ya rubuta Ɗangaladima, wani Dangaladima, wani ya sa waƙafi a gaban D. A wajen na'ura waɗannan rubutu uku ne da ba su san juna ba, kuma in ba a saita rumbun bayanan a kan UTF-8 ba, ɗ da ƙ da ɓ sai su dawo alamar tambaya. Duk wanda ya taɓa yin jerin gwano don sunansa na BVN bai dace da na NIN ba ya san wannan ciwo a jikinsa. Maganin shi ne a ba kowane manomi lamba tasa da ba ta sauyawa, a ɗauki suna a matsayin bayani kawai, a kuma tanadi hanyar neman suna da ke yafe bambancin rubutu. Kwas ɗin yare ba ya koyar da wannan.

Sai lambar waya. Ɗan ƙanen ya ajiye ta a matsayin adadi, tunda ai lamba ce. Sifirin farko ya ɓace, 0803 ta koma 803, saƙon tunatarwa bai isa ga kowa ba. Sai kuɗi. Ya ajiye naira da ɗigo, bai san cewa a Python da JavaScript da Java duk ɗaya ne, in ka haɗa 0.1 da 0.2 amsar da za ta fito ita ce 0.30000000000000004, saboda yadda na'ura ke riƙe guntun lamba. Shi ya sa kamfanin biyan kuɗi na Paystack ke karɓar adadin kuɗi da kobo, cikakkiyar lamba ba ɗigo. Ya kuma yi gurbi guda mai suna "sauran bashi", duk lokacin da aka biya sai a goge tsohon adadi a rubuta sabo. Ranar da manomi ya ce shi buhu bakwai ya kawo, ba biyar ba, babu abin da za a duba. Littafin dillalin da aka raina ya fi wannan, domin a littafi kowane biya yana da layinsa da kwanan watansa. Mai tushe zai rubuta kowace shiga da fita a layinta, da sunan wanda ya rubuta da lokacin, ba ya goge komai, in an yi kuskure sai a ƙara layin gyara, sauran bashi kuma a lissafo shi daga jimla.

Babbar jarrabawar ita ce sabis. Yaron dillali yana tsaye a bakin fadama, ya danna "tura", abin yana ta juyawa, bai ga komai ba, ya sake dannawa. Saƙon farko ya isa, amsarsa ce ba ta dawo ba. Yanzu an rubuta wa manomi biya sau biyu. Mutanen Kebbi, kamar sauran 'yan Nijeriya, sun haddace wannan darasi a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, da kowa ya koma tura kuɗi ta waya: an cire, ba su shiga ba, ko an cire sau biyu, je ka banki ka cike takarda. Dabarar da ake bi ba ta da wuyar faɗa. Wayar ce za ta ƙirƙiri lambar shaida ta musamman ga kowace mu'amala tun kafin ta tura, na'urar da ke karɓa kuma in ta ga lambar da ta riga ta gani, sai ta ce "na karɓa" ba tare da ta sake rubutawa ba. Sannan dole manhajar ta yi aiki ko babu sabis, ta adana a waya, ta tura in an shigo gari. Ma'aikatan lafiya da ke tattara bayanai a ƙauyukan Arewa da manhajar ODK sun daɗe a kan wannan tsari. Daga nan wata tambayar ta taso: in yara biyu sun gyara bayanin manomi ɗaya a waya biyu, ba sabis, na wa za a ɗauka? Wannan ba na'ura ce za ta yanke ba. Sai an koma wurin dillali an tambaye shi yadda yake yi in yaransa sun saɓa.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan ramuka ba na yare ba ne. Da ɗan ƙanen ya sauya daga PHP zuwa Python, da ya faɗa cikinsu ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya faɗa.

Kada a ce ai wannan ƙaramin aiki ne. A Birtaniya, hukumar gidan waya ta soma amfani da manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu, a 1999. Manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗi a rassan da babu wanda ya taɓa ko sisi. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu kula da rassa sama da 900 bisa zargin sata ko ƙaryar lissafi, wasu suka shiga kurkuku, wasu suka sayar da gidajensu suka cike giɓin da babu shi. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar da cewa manhajar tana da kurakurai, a 2024 majalisa ta yi dokar wanke waɗanda aka yanke wa hukunci. Waɗannan mutane, a aikinsu, ba su da nisa da mai POS da ke zaune a ƙarƙashin lema a kasuwar Jega ko tashar Gwandu. Rokar Ariane 5 ta Turai kuma ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya bayan tashinta ranar 4 ga Yuni 1996. An rubuta manhajarta da Ada, yaren da aka tsara musamman don ayyukan da ba sa son kuskure. An ɗauko wani sashe ne daga tsohuwar roka Ariane 4, ba a sake gwada shi da saurin sabuwar ba, wata lamba ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata.

Sai dai masu cewa "tushe, tushe" su ma suna da nasu laifin, kuma a ganina bai fi na masu bin yayi sauƙi ba. A manyan makarantunmu da dama, tushe ya koma ma'anar da ake haddacewa daren jarrabawa. Ɗalibi zai zana maka bishiyar bayanai a takarda, ya kawo matakai bakwai na gina manhaja a jere, ya rubuta umarnin kwamfuta da biro ya ci maki, alhali bai taɓa ganin na'ura ta ƙi abin da ya rubuta ba. A ƙarshen 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta fitar da sabon tsarin karatu da ya ware fannin kwamfuta, injiniyancin manhaja da tsaron intanet da kimiyyar bayanai kowanne da digirinsa. Abu ne mai kyau, amma sauya sunan digiri ba ya kawo wuta ɗakin gwaji.

Mutumin Gwandu bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke garin, bai tsaya ga tafsirinsa Diya'ut Ta'wili ba. Ya wallafa Bahrul Muhiɗ a nahawu da Hisnur Rasin a sarfu, domin ya san wanda bai riƙe waɗannan ba, ko ya haddace littafi, in an buɗe masa wani sai ya tsaya. Amma a zaure ba a karanta nahawu a iska. Ana karanta Ajuruma, malam ya jawo jimla ya ce a yi mata i'irabi, almajiri ya yi kuskure a gyara masa nan take. Ƙa'ida da matani tare suke tafiya. Haka tushen gina manhaja yake, ba a samunsa sai ta cikin wani yare guda da mutum ya zauna a kansa har ya san halinsa. Kwas ɗin CS50 na Jami'ar Harvard, wanda kowa zai iya bi kyauta, a kan wannan hanya yake: ana zama a kan C tun farko-farko don ɗalibi ya ga yadda na'ura ke sarrafa ƙwaƙwalwarta, sannan a wuce Python da SQL, kuma kowane mako akwai aikin da sai ya gudana a na'ura kafin a karɓa.

Nawa ne ya isa daga ilimin algoridim da lissafi? A nan nakan saɓa wa masu tsoratar da yara. Ba sai mutum ya iya gina yarensa na kansa ba kafin ya sami aikin farko. Amma dole ya ji a jikinsa abin da ke faruwa in bayanai sun yawaita. In kana gwada kowane suna da kowane suna don gano maimaici, a manoma 200 gwaji 40,000 ne, kafin ka ɗaga kofin shayi an gama. A manoma 200,000 gwaji biliyan 40 ne. Wanda ya san wannan zai nemi wata hanya tun kafin ya rubuta layin farko, zai kuma san dalilin da ake sa wa rumbun bayanai fihirisa. Bayan wannan akwai abubuwan da ajin jami'a da kwas ɗin intanet duka suke tsallakewa: amfani da Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, don a san wa ya sauya me kuma yaushe, rubuta gwajin da zai kama kuskure kafin mai kaya ya kama, karanta aikin da wani ya rubuta shekara biyar da suka wuce ba tare da an ce a rushe a sake ba, da zama da mai aiki a saurare shi. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin IBM a shekarun 1960, ya yi bayani a maƙalarsa ta 1986 cewa mafi wuyar aikin shi ne tantance abin da za a gina, kuma babu wani sabon yare da zai ɗauke wannan nauyi.

Akwai kuma yaren da ba a sa shi a musun, alhali shi ya fi tare wa yaranmu hanya: Turanci. Saƙon kuskure da Turanci yake fitowa, littafin bayanin kowane yare da Turanci yake, mai ba da aiki daga Legas ko waje da Turanci zai rubuto. Bayanin darasi da Hausa yana taimakawa ƙwarai wajen fahimta, ina kuma jinjina wa masu yinsa. Amma wanda ke tsallake jan rubutun da na'ura ta fito da shi don karatun yana ba shi wuya, ya ware wa Turancin karatu lokacinsa kamar yadda ya ware wa Python.

Ta fuskar kasuwa, gaskiya biyu ce, kuma ba su jitu sosai ba. Tallar aiki da sunan yare take fitowa, domin ita ce hanya mafi sauƙi ta tace ɗaruruwan takardu. Wanda ya zo da "na san tushe" ba tare da yaren da ake nema ba, ba za a kira shi ba. Don haka a aikin farko yare yana da nauyi, kuma zurfi a ɗaya ya fi taɓa shida. Gaskiya ta biyu ta fito a Satumban 2019, lokacin da Andela, kamfanin da aka kafa a Legas a 2014 don horar da matasa ya haɗa su da kamfanonin waje, ya sallami ƙananan injiniyoyi sama da 400 a Nijeriya da Kenya da Uganda, ya ce abokan cinikinsa masu gogewa suke nema. Waɗannan matasa sun iya yarukan da ake yayi. Abin da ake biya da tsada shi ne wanda za a miƙa wa aiki mai ruɗani a juya baya.

Zuwan ChatGPT a Nuwamban 2022 ya ƙara karkata ma'aunin. Yau ƙirƙirarriyar basira tana juya aikin PHP zuwa Python cikin daƙiƙu, tana tuna maka umarnin da ka manta, tana rubuta shafin shiga da fita ba tare da gajiya ba. Sanin inda ake sa waƙafi da baka ya yi arha. Amma in ɗan ƙanen dillalin ya ce mata ta rubuta masa manhajar bashin manoma, ba lalle ta san cewa sabis na ɗaukewa a fadama ba, ko cewa Mamman shi ne Muhammadu, sai in ya faɗa mata, kuma ba zai faɗa ba sai in ya san abin tambaya ne. Abin da ta rubuto kuma sai an karanta an gane kafin a ɗora dukiyar mutane a kai. Haɗarin ga mai koyo shi ne ya riƙa karɓar amsa kafin ya sha wuyar tambayar, ya kai shekara yana fitar da aiki bai taɓa bin sawun kuskure da kansa ba.

Sauran abu guda da ya fi damun ƙananan ayyuka irin na yankinmu, kuma ba na jin ana koyar da shi a ko'ina. Ɗalibi ko ɗan bautar ƙasa zai gina wa makaranta ko shagon magani manhaja, ta yi aiki, a yi murna. Ya gama ya tafi. Kalmar sirri tana kansa, rajistar shafin da imel ɗinsa aka yi, kwafin bayanan yana cikin kwamfutarsa da aka sace a mota. Tun Yunin 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa mai tara sunaye da lambobin mutane alhakin tsare su, kuma dillalin Kalgo da ke riƙe da bayanan manoma yana cikin masu wannan alhaki ko bai sani ba. Kafin ɗan ƙanensa ya tafi bautar ƙasa, akwai buƙatar ya bar takarda ko shafi biyu ce: ina bayanan suke, yaya ake kwafe su duk mako, wa ke da mabuɗi, nawa ake biya duk shekara kuma ga wa. Sannan ya zaunar da wani ya gwada dawo da bayanan daga kwafin a gabansa, a kan wata kwamfutar daban.